Kiran da Ɗan Iya Bai Sallama Ba

Ja'afar ɗan makaɗi ne da ya girma bai taɓa kaɗa ganga da hannunsa ba. A Unguwar Ɗinya aka haife shi, wani ƙauye a gefen Makoda, inda gida yake manne da gona, gona kuma manne da ta maƙwabci, har in ka yi tari a taka sai ka ji an ce maka sannu daga ta kusa. Ubansa, Ɗan Iya, shi ne mai gangar noma na yankin. Duk inda aka yi gayya yana bayan manoma da ganga a rataye, yana bin su kunya bayan kunya. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, wato kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai, wanda in ya ji sai tsikar jikinsa ta tashi, ya duƙa a kan garma har sai an riƙe shi.

'Ya'yan Ɗan Iya maza biyu ne suka rayu. Naziru ne ɗan fari, shi ya gaji hannun uban. Ja'afar kuwa tun yana rarrafe shan-inna ya taɓa shi, ya bar masa hannun hagu a shanye. Ita kuwa gangar noma hannu biyu take so: na dama ya riƙe gula ya buga, na hagu ya danne fata ya saki, sannan ganga ta yi magana. Saboda haka Ja'afar ya tashi da kunne, babu hannu. Yana daga bakin gona zai gaya maka taken wa ake yi tun kafin a kai rabi, in Naziru ya yi tuntuɓe a kiɗa shi ne farkon ji. Amma bai taɓa rataya gangar ba, babu kuma wanda ya taɓa ce masa ya gwada.

Yana kai saurayi gayya ta fara mutuwa. Rabon gado ya tsaga gonaki har wasu suka koma kamar shimfiɗar tabarma, wadda mutum ɗaya zai gama kafin azahar. Feshin maganin ciyawa ya zo, garmar shanu ta yawaita, samari suka watse birni acaɓa. Sai a yi damina guda ba a kira Ɗan Iya ko'ina ba. Naziru ya daure na wasu shekaru, sannan wani rani ya bi wasu samari hanyar Agadas da niyyar tsallakawa Libiya. Da farko yana kiran waya jefi-jefi. Daga baya shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Dama can Ɗan Iya da matarsa Inna Barira ba sa faɗin sunan Naziru, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai su ce "yayanka" ko "babban". Da ya ɓata, sai ko hakan ma suka daina. Ɗakinsa na zaure aka zuba ƙaiƙayi da buhunan taki a ciki.

Ja'afar ya yi aure, ya riƙe 'yar gonar gida da hannu ɗaya da fartanya mai gajeren ƙota. Ranar kasuwar Makoda kuma yana zama a wata rumfa yana cajin wayoyi, yana tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. A nan ya saba da waya har ta zama masa kamar wata gaɓa.

Wata damina da ya ga ƙafar ubansa ta fara kumbura, tafiya ta koma da sanda, sai ya ce masa, "Baba, ina so ka kaɗa mini takunan nan duka, in ɗauka a waya."

"Ka ɗauka ka kai wa wa? Masu su suna maƙabarta."

"Ni nake so."

Tsohon ya ce a sauko da gangar a shanya ta ta sha rana. Da la'asar suka zauna a gindin ɗorawar gonarsu. Ja'afar ya ɗora wayar a kan dutse. Ɗan Iya sai ya ambaci sunan mutum, ya ce Allah ya jiƙansa in ya rasu, sannan ya kaɗa takensa daga farko har ƙarshe, ya huta, ya kama na gaba. Can wajen ƙarshe awaki suka faɗa cikin gyaɗa, Ja'afar ya tashi korarsu ya bar wayar tana ɗauka. Da ya dawo ya tarar uban ya kifa gula a kan ganga, yana kallon hanya. Ya kashe wayar suka koma gida.

Bayan kaka Ɗan Iya ya rasu. Kafin shekara ta zagayo ɓera ya cinye fatar gangar, sai kwarangwal ɗin itace a rataye. Ja'afar ya kwafi muryar a memori biyu ya adana, amma ya kasa saurara. In ya kunna, da ya ji gyaran muryar uban sai ya kashe.

Wani malamin firamare, Najib, da yakan kawo caji rumfar, shi ya nuna masa wata manhajar haɗa kiɗa a waya. Fuskarta gurabe ne jere-jere kamar na dara. Sai ka zuba sauti a gurbi, in ka taɓa gurbin da yatsa sautin ya fito, in ka so kuma ya yi ta maimaita kansa. Ja'afar ya daɗe yana kallon guraben nan. Yatsa ɗaya kawai suke buƙata.

Matsalar ita ce kowane gurbi sakan goma kacal yake karɓa. Duk abin da ya wuce haka sai ta datse shi ba tambaya. Akwai babbar manhajar da ba ta da wannan iyaka, amma wayarsa ƙarama ce, ta ƙi ɗaukarta. Takunan Ɗan Iya kuwa babu mai gajarta haka. Ja'afar ya ce bari dai ya gwada. Ya ɗauki na farko a jerin, taken marigayi Sabo, maƙwabcinsu na gona, ya zuba a gurbi. Manhaja ta ɗauki kan ta yar da sauran.

Lokacin maimai ne, noma na biyu. Ya tafi gona da 'yar lasifikarsa mai batir don ya ji yadda abin zai tashi a fili. Ya ajiye ta a kan kunya ya taɓa gurbin. Ganga ta ɗauka, ƙarar ta bi kan dawa ta ratsa gonaki. Ta kai inda aka datse, ta koma farko, ta sake kaiwa, ta sake komawa. Ja'afar na tsugune, gashin jikinsa a tashe, don bai taɓa jin hannun ubansa a wannan fili ba tun rasuwarsa.

Bai ji tahowarta ba, sai ganin inuwa ya yi. Gwaggo Luba ce, matar marigayi Sabo, tsohuwar da ta daɗe ba ta wuce ƙofar gida ba. Ba takalmi a ƙafarta, tana riƙe da ƙwarya cike da ruwa, rabi ya zube mata a zane.

"Wa yake kiran Maigida?" ta ce.

Ja'afar ya kashe da sauri. "Gwaggo, ni ne. Kiɗan Baba ne a waya. Ki yi haƙuri, ban yi tunani ba."

Ta kalli lasifikar, ta kalli ƙwaryar hannunta kamar yanzu ta gan ta. "Na san yana ƙasa. Ina tsaye aka fita da shi. Amma wallahi ban san sanda na ɗebo ruwan nan ba." Ta zauna a kan kunya tana haki. Can ta ce, "To me ya sa ba ka sallame shi ba?"

"Sallama kuma, Gwaggo?"

"Kira kake ta yi. Kira, kira, kira. Ubanka in ya kira mutum ya sa shi a kunya, yana kai shi ƙarshe, ya sauke masa kiɗa, mutum ya miƙe ya sha ruwa. Kai ka bar shi a duƙe a tsakiyar gona."

Ja'afar ya san sallamar sarai, bugun nan mai nauyi da ke zuwa a ƙarshen kowane take. Ita ce manhaja ta yar. Ya raka tsohuwar gida yana riƙe mata ƙwarya. Daga ranar, ko yana noma ko yana cin tuwo, sai ya ji kan taken Sabo yana zagaye a kunnensa ba ya kaiwa ƙarshe.

Ya duƙufa neman yadda zai shigar da take cikakke ta wannan ƙaramar ƙofa. Da farko ya yanyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace a gurbinta, ya jera. Amma duk inda ya yanka sai a ji ƙas, don ya datse amon fata tun bai mutu ba. Ya koyi buɗe zanen sautin, mai kama da haƙoran zarto, yana neman inda amo ya kwanta ya yanka a nan. Sai dai hannun Ɗan Iya ba ya barin fili, kafin bugu ya mutu wani ya hau kansa.

Malam Najib ya kawo wata dabara. Ya ce a sa sautin a wata manhaja a ƙara masa gudu har dogon ya tsuke ya shiga gurbi, in ya shiga sai a rage gudun ya koma yadda yake. Suka gwada a rumfa. Da aka ƙara gudu, muryar Ɗan Iya ta koma siririya kamar ta ɗan tsako, har Najib ya yi dariya ya kuma kama bakinsa. Da aka rage, ta dawo, amma ba ita ba ce. Ta yi kauri ta dusashe, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Gangar ma ta rasa kaifinta. Da ya kunna a gida, matarsa Rahmatu tana tankaɗe ta saki rariya.

"Don Allah kashe. Wannan ba muryar mai rai ba ce."

"Ai dama ba shi da rai, Rahmatu."

"Ɗazu da ka kunna ta ainihin yana da shi."

Ya goge wannan, bai sake bin hanyar ba.

Abin da ya fisshe shi kunnensa ne. Da ya yi ta saurare sai ya lura kowane take jimloli ne 'yan kaɗan da uban yake jujjuyawa: ya faɗi wannan sau biyu, ya kawo waccan, ya koma ta farko da ɗan ƙari. Ba sai ya shigar da dogon kiɗan ba. Ya ciro kowace jimla sau ɗaya, daga inda ta fi fita tsaf, ya ba ta gurbinta. Wasu ma bugu ɗai-ɗai ya ciro, mai danne da mai saki. Amma yanzu manhaja ba za ta jera masa ba, shi zai taɓa gurabe a kan lokaci, ita kuma ta ɗauki abin da ya kaɗa komai tsawonsa.

Ya ɗora wayar a cinya ya fara. Yatsunsa suka yi ta makara, suna riga, suna faɗawa gurbin da ba shi ba. Ya yi ta yi har fuskar wayar ta yi dabbare-dabbare da gumi. Wata ranar kasuwa, rumfa ba kowa, ya kama taken Sabo daga kira, ya bi shi kunya guda, ya sauke sallama daidai inda take. Ya zauna yana kallon hannunsa na dama. Yana da 'ya'ya uku a lokacin, furfura ta fara fito masa a gemu, ranar ya fara kiɗa.

Ya kai wa Gwaggo Luba har tsakar gida. Ta saurara ido a rufe. Da sallama ta sauka ta ja dogon numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka." Ba ta nemi a sake ba, ba ta kuma nemi a tura mata ba.

Wasu kuwa sun nema. Wannan ya ce taken babansa, wancan na kakansa. Ja'afar ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya yana ginawa yana tura musu. Sai ya zamana da la'asar in ka ratsa ƙauyen, ka ji taken wani mamaci yana tashi daga bayan danga, wani ya amsa daga can gefe, kamar ana gayya a ƙarƙashin ƙasa. Akwai waɗanda abin bai yi musu daɗi ba. Tsoho Yahya, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin masu takunan, ya aiko a gaya wa Ja'afar kada ya kuskura ya gina nasa sai bayan ransa, ba ya son jin kansa a cikin waɗannan.

A haka ya kai ƙarshen jerin, wurin da ya tashi korar awaki, wanda bai taɓa ji ba. Ya ji takun ƙafarsa yana nisa. Ya ji uban ya gyara zama. Bai ambaci sunan kowa ba, bai ce Allah ya jiƙan kowa ba, sai ya kama wani take a hankali, wanda Ja'afar bai taɓa ji a wata gona ba. Kira ne mai sanyi, gajere, da zai shige gurbi ɗaya ba a datse masa komai ba. Uban ya kaɗa shi ya tsaya.

Ja'afar ya zaci waya ce ta yanke. Ya duba, ashe ɗauka tana tafiya. Ya manna kunne. Iska a ganyen ɗorawa, kurciya can nesa, da numfashin tsohon, yana shiga yana fita, ya daɗe haka. Sannan ƙaramin sautin gula da aka kifa a kan fata. Babu sallama.

Ya shiga wurin mahaifiyarsa, tana zaune a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ya kunna mata. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Ina ka samo wannan?"

"A ƙarshen kiɗan Baba. Na waye, Inna?"

Ta ajiye faifan a gefe. "Na yayanka ne. Ranar sunansa ya yi masa, a cikin ɗaki, ni da shi kawai. Makaɗi ba a yi masa take a gona, shi ya sa ba ka sani ba. Ban ƙara jin sa ba sai yau."

"Bai sauke ba, Inna."

"Na ji."

Ja'afar ya kasa barin abin haka. Maganar Gwaggo Luba tana damunsa, ta mutum a duƙe a tsakiyar gona. Ya shiga cikin sallamomin sauran takuna yana tsintar bugu, wannan daga na Sabo, wancan daga na wani, yana gwadawa da sanyin kiran, har ya haɗa sallamar da duk wanda ya ji zai rantse Ɗan Iya ne ya kaɗa ta a zama ɗaya. Da kira da sallama ba za su shiga gurbi ɗaya ba, sai ya sa su kusa da juna, kira a dama, sallama a hagu. Ya kai wa Inna Barira ya nuna mata.

"In kin taɓa nan, kira. In kin taɓa nan, an sauke."

Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar da hannu biyu. Ba ta taɓa riƙe irinta ba. Ta kai yatsa a hankali ta taɓa na dama. Kiran ya tashi ya tsaya. Matar da ba ta taɓa buɗe baki ta kira ɗan nan da sunansa ba, ta sake taɓawa, ta juya tana kallon zaure.

"Ɗayan fa, Inna?"

"Ajiye shi. Ba yau ba."

Daga nan in ya dawo gona sai ta miƙo hannu, ya buɗe mata guraben ya ba ta wuri. Rahmatu ta ce wani lokaci takan ga yatsan tsohuwar ya tsaya a saman gurbin hagu, sannan ta janye. Da hunturu ya shigo Inna Barira ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Har ta rasu ba ta taɓa shi ba, Ja'afar ma bai taɓa ba, bai kuma goge ba.

Bayan sadakar arba'in wani direba, Kamaruddeen, mai kai kaya Agadas, ya zo caji rumfar. Ja'afar ya tura masa kiran ya roƙe shi ya kunna a duk inda 'yan ƙasarmu suke taruwa, ko ya ba masu tsallakawa. Direban ya cika alkawari. Da ya dawo ya ce ya kunna a wata tasha inda leburori ke jiran mota, mutane suka kewaye shi, wasu suka yi hawaye, amma babu wanda ya ce nasa ne, babu kuma wanda ya san wani Naziru makaɗi. Sai wani mutumin wajen Zakirai da ya riƙe masa riga, ya ce a ƙauyensu akwai tsohon mai gangar noma, Abdulmumini, in yana raye, don Allah a je a ɗauko taken babansa a aiko masa.

Ja'afar ya hau mota ya je. Ya sami tsohon a raye, ido ya tafi, hannu yana karkarwa, gangar tana nan da fatarta. Ya gaya masa abin da ya kawo shi. Tsohon ya shafa fuskar wayar da yatsa, ya tambayi ɗan wane ne shi, da ya ji sunan Ɗan Iya ya ce sun taɓa haɗuwa a gayyar wani sarkin noma. Amma ya ƙi kaɗawa. Ya ce shi bai taɓa kiran manomi ƙasa tana bushe ba, ya dawo in ruwa ya sauka an yi shuka.

Ja'afar ya bar lambarsa wurin jikar tsohon ya komo gida. Yanzu haka yana gyaran gona, yana kai taki a amalanke. Duk sanda waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai ya ajiye fartanya ya goge hannu kafin ya ɗauka, ko jikar tsohon ce, ko kuwa daga Agadas ne.